Shebur Ɗina Ba Ya Kaiwa Can

A rugagen da ke bakin fadamar Dzorge, can ƙasar tuddai da ƙanƙara, idan ka aiki yaro abin da bai kamata ba, ba ya tsayawa yi maka dogon bayani. Kafaɗa zai maƙale ya ce, “Shebur ɗina ba ya kaiwa can.” Yawancin yaran ba su san mai maganar ba. Mu mun san shi. Sunansa Shawo, kuma ya fi shekara arba'in ana maimaita maganar nan a gabansa, duk lokacin da aka faɗa sai ya sunkuyar da kai yana jan carbinsa. Mu da wautarmu muka ɗauka irin kunyar nan ce ta mutumin kirki da ba ya son yabo. Kunya ce kam, amma ba wannan ba.

Shawo ɗan gidan arziki ne da bai ci arzikin ba. Ubansa ya mutu ya bar yak, shanun nan masu dogon gashi, wajen ɗari uku, Shawo na goye. Kafin ya isa kiwo aka zo aka haɗe dabbobin kowa, aka ce sun zama na jama'a. Dukiya ta tafi, suna ya zauna, kuma a wancan zamanin “ɗan mai dukiya” zagi ne. Duk aikin da aka rasa mai yi shi ake ba: tsintar kashin shanu na hura wuta, jiran tumaki masu ƙazuwa, fiɗar mushe. Shi kuwa dawakai yake so. Idan masu kiwon dawakin ruga suka wuce a guje, riga a saɓule kafaɗa ɗaya, sai ya tsaya da kwandon kashi a baya yana bin su da ido har su ɓace.

Uwarsa Yumtso 'yar gajeriyar mace ce mai saurin tafiya da saurin dariya. Ta yi shekara bakwai a gidan miji ba haihuwa, sai ta riƙa kai nonon farko na safe idon ruwan da ke kan fadama, inda lu suke zaune, wato masu ruwan. Da ta sami 'ya mace ta sa mata Lumo don godiya ga lu, bayan shekara uku Shawo ya biyo. Saboda haka ba wanda ya kai ta kiyaye dokar wurin. Ba a wanke tukunya a can, ba a kai nama, ba a zubar da jini, ba a ɗaga murya, balle a soka ƙarfe a ƙasa.

Fadamar a lokacin ba a ce mata ƙasa kai tsaye. Ciyawar shekaru dubbai ce ta mutu ta danne 'yar'uwarta, ta yi baƙi, ta sha ruwa kamar soso. Ka taka ta lotsa, ruwa ya tsatso ta tsakanin yatsunka. A tsakiyar tafkin da ke ƙasan idon ruwa akwai wani ɗan tudun ciyawa da bai fi faɗin shimfiɗa ba, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina. A nan gauraki biyu masu baƙin wuya suke yin ƙwai kowace shekara, domin kare ba ya isa, yanyawa ba ta isa. Da ƙanƙara ta fara narkewa Yumtso za ta riƙa kasa kunne. Ranar da ta ji kukansu sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, “Baƙina sun iso,” ta ƙara man shanu a shayin kowa.

Shawo na da shekara ashirin da biyu aka kawo umarni daga gari cewa fadama asarar fili ce, a haƙa lambatu a tsiyaye ruwan, tumaki su sami wurin kiwo. Aka raba wa kowace ƙungiya yankinta. A nan ne aka gane Shawo yana da hannu. Yakan yanka ɓawon ƙasa da ciyawarsa kusurwa huɗu tsaf, ya ɗaga ya ajiye, in ya mayar da shi sai ka rantse ba a taɓa wurin ba. Aka ba shi jagorancin masu haƙa a yankin da idon ruwa yake, ba don ana son sa ba, don shi ne yankin da kowa ke gudu.

Da aka zo ja layin lambatu sai dattawa suka karkata shi a hankali, ya kewaye idon ruwa da nisan harbin kibiya. Kowa ya gani, kowa ya yi kamar bai gani ba. Yankunan wasu suka fara bushewa, namu ya ƙi, don idon yana shayar da shi. Shugaban aikin, wani mutumin gari mai usur a wuya, ya tara jama'a ya nuna Shawo da yatsa.

“Kai, ɗan mai dukiya. An ce ba wanda ya kai ka haƙa. Gobe ka tsaga mini hanya daga idon can zuwa babban lambatu.”

Shawo ya ɗaga kai, sai idonsa ya faɗa kan uwarsa a bayan taro, da bokitin tatsa a hannu. Ba ta yi masa wata alama ba, kallonsa kawai take. Bakinsa ya riga tunaninsa.

“Shugaba, shebur ɗina ba ya kaiwa can.”

Kowa ya tsorata, domin a zamanin ana ɗaure mutum kan abin da bai kai wannan ba. Mai usur ya dube shi, ya yi wata 'yar dariya, ya sallami taro. Da yamma tsofaffi suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna dafa kafaɗar Shawo. Abin da ba su sani ba, mai usur ɗin ya tare Shawo a hanyar rafi ya gaya masa magana ɗaya: duk jagoran da yankinsa ya bushe kafin ƙarshen wata zai zaɓi aikin da yake so a ruga, ko da kiwon dawakai ne. Bai ƙara komai ba, ya san inda ya taɓa.

Ba zan ce an tilasta masa ba, don shi kansa bai taɓa cewa haka ba. Bayan kwana huɗu aka kira kowa da kowa taron kwana biyu a hayin kogi. Shawo ya ce cikinsa na murɗawa, aka bar shi. Mai haƙa ya san abin da ke ƙarƙashin baƙar ƙasa. Akwai shuɗiyar laka mai kaurin kamu ɗaya, ita ce gindin tukunyar da ke riƙe ruwan fadama, a ƙarƙashinta kuma tsakuwa ce da ba ta ƙoshi da ruwa. Dattawa sun sha faɗa, in ka ga shuɗi ka tsaya. Shawo ya ƙirga taku ashirin daga idon ruwa, ya ɗebe ɓawon ciyawa ya jera gefe, ya haƙa siririn rami har ya ga shuɗi, bai tsaya ba. Ya fasa lakar. Ya jero fala-falan duwatsu ya rufe bakin yadda ruwa zai riƙa zurarewa ta ƙasa, ya mayar da baƙar ƙasa, ya mayar da ciyawa kowace a gurbinta. Gaurakin na tsaye a tudunsu suna kallonsa tun daga farko har ƙarshe. Ya gaya wa kansa ai bai taɓa idon ba, taku ashirin ne tsakani.

Cikin kwana goma sha biyu tafkin ya zama taɓo, taɓo ya bushe ya tsattsage. Wata safiya karen gidansu ya dawo yana lasar baki, da gwaiduwa a haɓarsa. Gaurakin suka yi kwana uku suna kewaya wurin suna kuka, a na huɗu suka tafi. Jama'a suka ce lu sun yi fushi da lambatun da aka kewaye su da shi, sun kwashe ruwansu. Shawo ya sami dawakai, ya sami jan fulas mai zanen furanni, kyautar gwarzon ma'aikaci, kuma ya sami girman wanda ya ƙi taɓa idon ruwa. Ya ci ta nan, ya ci ta can.

Da abin ya tsaya nan, da sai a ce ɓarna ce irin wadda duk zamanin ya yi. Amma wata rana suna cin tsamfa, garin sha'ir ɗin nan da muke cuɗawa da shayi da mai, Yumtso ta ture kwanonta ta ce wa 'ya'yanta, “Ni ce.”

“Ke ce me, Inna?” in ji Lumo.

“Ni na kore su. Ran da na kai man shanu idon ruwa, wuƙa ta yanke ni a yatsa. Na matse, amma ɗigo ɗaya ya faɗa ciki. Da idona na gani. Na yi shiru, na ce ko ba su lura ba.”

“Haba Inna, ɗigo ɗaya?”

“Su da suka ba ni ku biyu. Da jini na saka musu.”

Shawo ya ajiye kwanonsa. Ya ce, “Inna, ba ke ba ce.”

Ta juyo ta dube shi, har fuskarta ta ɗan washe. “To wa ne, ɗana?”

A nan ne ya kamata ya faɗa. Ya dubi wuta, ya dubi jan fulas ɗin da ke jingine da akwati, ya ce, “Ban sani ba.”

Washegari ta sa aka sassaƙa mata katakai biyu na hannu, irin waɗanda masu doguwar sujada ke zurawa don kada tafin hannu ya ɗaye, ta ɗaura fata a gaba. Kullum bayan tatsar safe sai ta fuskanci busasshen idon, ta ɗaga hannuwa, ta durƙusa, ta miƙe tsaf a ƙasa har goshi ya taɓa, ta tashi ta sake. Ɗari uku kafin rana ta take, ko ana iska ko ana ƙanƙara. Ta yi shekara goma sha tara a haka. Goshinta ya yi kanta, gwiwoyinta suka kumbura, dariyar nan ta ragu. In ta gama, Lumo ta zuba mata ruwan zafi daga jan fulas, ita kuma ta ce wa duk wanda ke kusa, “Na ɗana ne. Shi dai hannunsa tsarkakakke ne, ya ƙi taɓa musu wuri.” Shawo yakan tashi ya ce zai je duba dawakai.

Dawakan ma ba su yi masa daɗin da ya zata ba. Ya hau, ya saɓule riga kafaɗa ɗaya, ya yi gudun da yake mafarki, amma in hanya ta biyo ta kan fadama sai ya yi dogon zagaye don kada ya wuce ta wurin. Muka ce dubi ladabi, ko kofaton doki ba ya yarda ya taka musu ƙasa. Ya sha shirya faɗa wa uwar. A shekarar farko ya ce bari ta huce. A ta biyar ya ga in ya faɗa yanzu ya mayar mata da sujadar shekara biyar banza. A ta goma maganar ta yi nauyin da baki ba ya ɗauka. Ta rasu lokacin narkewar ƙanƙara, kanta a cinyar Lumo, tambayarta ta ƙarshe ita ce, “Sun zo?” Lumo ta ce tukuna.

Sauran rayuwarsa ba wani abin a zo a gani. Ya yi aure, ya haifi uku, matar ta riga shi. Zamani ya juya, aka mayar wa kowa dabbobi, aka yanka filayen kiwo gida-gida aka kewaye da waya. Ciyawar da aka yi mana alkawari ta yi kyau shekara biyar, daga nan ɓerayen ƙasa suka huda ko'ina, lambatun ya zaizaye ya zama kwazazzabo mai karya ƙafar maruƙa, yashi ya fara leƙowa. Shawo ya tsufa ya zama mai sasanta rigima. A kowane tanti wurin zaman da ke kusa da murhu nasa ne, kofin farko nasa ne. Yana da haƙuri da masu laifi har ana ganin ya yi yawa, kuma ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Da aka raba filayen kiwo, yankin tsohon idon ruwa ya faɗa hannun Caktar, ƙanin marigayiya matar Shawo, mutum mai faɗin baki da ba ya barin magana ta kwana a cikinsa. Su biyun ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba.

Sai ga mutanen gari sun sake zuwa, da takarda a hannu kamar na farko, wannan karon suna cewa a toshe lambatun a mayar da ruwa, domin kogi yana ƙafewa kuma tsuntsaye sun rasa wurin ƙwai. Mun yi dariya, mun ce ashe shebur ɗin da ya haƙa shi zai cike. Amma mun ga yashi da idonmu, don haka muka fita. Kowane taku talatin a kafa turaku, a jera buhunan ƙasa, a danne da ɓawon ciyawa a tattake. Damina ɗaya ruwa ya kwanta. Agwagin ruwa suka dawo, dinyoyi suka dawo, a shekara ta biyu aka ga gauraki a yankuna uku. Yankin Caktar kaɗai ya ƙi. In an yi ruwan sama ya cika fal, bayan kwana uku sai ka tarar da laka.

Wata ma'aikaciya da ke duba aikin ta zo har tantin Shawo, ta zauna ta sha shayi, ta ce an gaya mata shi ya jagoranci haƙan yankin, ko ya san wata tsohuwar hanyar ruwa da ba ta cikin takarda. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Shawo ya kau da ido. Ya ce an daɗe, kan tsoho rariya ne. Ta gode masa ta tafi.

Caktar kuwa tun ranar farko ya faɗa a gaban kowa cewa shi tumaki yake kiwo ba kwaɗi ba, in kofatonsu ya ruɓe a kai wa wa kuka. Da ruwa ya ƙi zama, ba mu sha wahalar neman mai laifi ba. Aka ce yana zare buhuna ruwa ya wuce sannan ya mayar. Ba wanda ya gani, amma kowa ya san wanda ya gani. A wurinmu ba a zagin mutum kan irin wannan, daina shan shayinsa ake yi. Ranar sabuwar shekara babura suka riƙa wuce ƙofarsa ba tsayawa. Gidan da ɗansa ke neman aure suka ce a dakata. Da lokacin cirar gashin shanu ya zo, aikin da gayya ake yi masa, Shawo kaɗai ya je.

“Kai kaɗai, tsohon doki?” in ji Caktar. “Ina sauran garken?”

“Suna tafe.”

“Ƙarya ba ta yi maka kyau, Yaya, ba ka iya ta ba. Riƙe mini ƙahon nan. Ka riƙe da kyau, wannan ba yayata ba ce da za ta yi ta haƙuri da kai.”

Suka kayar da sa, suka yi ta cirar gashi. Can Caktar ya ce, “Ka san abin da ke ci mini rai? Da na fasa datsin ma da sauƙi, aƙalla na san abin da nake shan duka a kai. Jiya jikata ta dawo daga makaranta tana kuka, wai an ce kakanta ɓarawon ruwa ne. Ɓarawon ruwa. In kai shi ina? In sa a aljihu?”

“Zai wuce,” in ji Shawo.

“Kai kaɗai ka yarda da ni, ban ma san dalili ba. Ni kaina na fara zargin kaina, na ce ko tashi nake cikin barci in yi.”

Shawo ya koma gida ya kasa cin komai. Kunya ta hana shi haɗa ido ko da 'ya'yansa. Amma ya sake yin shiru har wata shida, domin wanda ya iya yi wa uwarsa shiru, ba ƙanin mata ne zai gagare shi ba.

Caktar ne da kansa ya gaji ya nemi a yi rantsuwa. Mu ba ma wasa da ita. Ana ɗauko littafi mai tsarki daga gidan ibada, a naɗe cikin rawayan ƙyalle, kowane mai gida ya ɗora shi a ka ya faɗi kalmomin da aka tsayar. Wanda ya yi ƙarya ba shi kaɗai take ci ba, har 'ya'ya da jikoki take bi. Aka sa rana, aka taru a busasshen idon ruwa da hantsi, maza a gaba, mata a baya. Shugaban ruga ya ce kalmomin su ne: ban fasa datsi ba, ban sa an fasa ba.

Shawo ya ji wani sanyi ya sauka masa a ƙirji. Wannan zai iya rantsewa a kai da gaskiyarsa, bai taɓa datsin kowa ba. Har ya fara gyara riga. Daga baya ya ce a duk abin da ya aikata, wannan farin cikin ne ya fi ba shi kunya.

Sai Caktar ya ɗaga hannu. “Bai isa ba. Gobe za a ce ban fasa ba amma na huda ta wani wuri. A ƙara da cewa, kuma ban san inda ruwan nan yake bi ba. In za a wanke ni a wanke ni har ƙafa.”

Aka ce ya yi daidai. Shugaba ya juyo da littafin ya ce, “Baba Shawo, kai ne babba, kai ne kuma ka taɓa tsare wurin nan. Buɗe mana.”

Ya karɓa ya ɗora a ka. “Ban fasa datsi ba,” ya ce. “Ban sa an fasa ba.” Sai ya tsaya. Ya tuna da jikokinsa. Ya hango Lumo a bayan taro, ta tsufa ta dogara sanda, tana kallonsa yadda uwarsu ta kalle shi a wancan taron. Aka ɗauka mantuwar tsufa ce, wani ya raɗa masa sauran kalmomin. Shawo ya sauke littafin a hankali ya miƙa wa shugaba.

“A ba ni shebur.”

“Haba Baba,” in ji wani daga baya, “naka ai ba ya kaiwa can.” Aka yi dariya.

“Ya kai,” in ji Shawo.

Ya ƙirga taku ashirin daga idon ruwa, sai da ya ƙara uku don tsufa ya rage masa taku. Ya yanka ciyawa kusurwa huɗu, hannun bai manta ba, amma ƙarfin ya tafi. Bai yi nisa ba ya fara haki, ɗan Caktar ya karɓa. Da ramin ya wuce ƙugu, ƙarfe ya daki dutse. Aka ɗaga, sai ga bakin rami a cikin shuɗiyar laka, ruwan jiya yana zurarewa ciki a hankali. Shawo ya cire hula ya riƙe, ya ba da labarin a tsaye: mai usur, dawakai, ciwon cikin ƙarya, kare da gwaiduwa. Bai rage komai ba, bai kuma ɗora wa zamani ba.

Kowa ya jira Caktar ya yi zagi, don ya iya. Ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya ce, “Ka riƙe mini ƙaho, Yaya. Ka sha shayina. Kana ji ina zargin kaina.”

“Na yi.”

“To. Ni shekara biyu ce tawa, in haɗiye ko in ƙi, wannan tsakanina da kai ne. Amma juya ka gani.”

Shawo ya juya. Lumo ta riga ta ba da baya, tana tafiya gida da sandarta, ba ta waiwayo ba.

Sati biyu ana ɗebo shuɗiyar laka daga bakin kogi ana zubawa ana tattakewa. Shawo ya goya kwando kamar yadda ya fara rayuwa, ba wanda ya hana shi, ba wanda ya taya shi saukewa. Kafin sanyi ya shigo tafkin ya kwanta, ɗan tudun nan ya koma tsibiri. Babura suka dawo tsayawa a ƙofar Caktar, kowa da dunƙulen man shanu da farin gyale na ban haƙuri, don mu ma ba mu fita da fuska mai kyau ba. Shawo kuwa ba a kore shi ko'ina ba. Shi da kansa ya bar wurin murhu ya koma zama a bakin ƙofa inda iska ke shigowa, kuma ba wanda ya ce ya dawo. Ya je gidan Lumo sau uku a lokacin sanyi, sau uku surukarta na fitowa ta ce tana barci.

Da ƙanƙara ta fara narkewa ya ɗauki ɗabi'ar zuwa tafkin kowace safiya, wai laka yake dubawa kada ta tsage. Wata safiya ya tarar da gauraki biyu a kan tudun, ɗaya na tsinko ciyawa yana jefawa baya. Ya tsaya bai motsa ba. Ya so ya ji daɗi, abin ya ƙi, domin wadda ya kamata ta gani ba ta nan. Sai ya ji ƙarar sanda a bayansa.

Lumo ce, da wani ƙunshi a hammata. Ba ta gaishe shi ba. Ta tsaya gefensa ta daɗe tana kallon tsuntsayen.

“Baƙinta sun iso,” ta ce.

“Yaya...”

“Kada ka ce komai. Ka yi shekara arba'in kana shiru, ƙarin kaɗan ba zai kashe ka ba.” Ta kwance ƙunshin. Katakan hannun nan ne biyu, sun goge sun sirance, kowanne da gurbin yatsun uwarsu. “Kullum ni nake shafa mata mai a gwiwa. Tana cije baki tana ce mini, Lumo, ki yi haƙuri, laifina ne ya jawo miki wahala. Haƙuri take ba ni, Shawo. Ta mutu tana tsammanin ita ce.”

Ya kasa ɗaga ido.

“Na yi niyyar in sa su a wuta, sai na ga ba nawa ba ne. Ba nata ba ne ma.” Ta miƙa masa. “Naka ne tun ranar farko. Riƙe maka ta yi.”

Ya zura hannuwansa. Madaurin fatar ya matse shi, don hannun uwarsu ƙarami ne. Lumo ta gyara tsayuwa a kan sandarta, ba ta tafi ba. Shawo ya fuskanci idon ruwa, ya ɗaga hannuwa, gwiwoyinsa suka yi ƙara da ya durƙusa, ya miƙe tsaf har goshinsa ya taɓa ƙasa. Ƙasar ta lotsa, ruwa ya tsatso ya jiƙa masa fuska.

“Ɗaya,” in ji Lumo.